Yadda Ake Naɗe Mariƙin Wuƙa Da Zare A Shafe Shi Don Kada Ruwa Ya Shiga

Duk lokacin da Babbar Sallah ta matso sai tambayar nan ta dawo. Wuƙa ce mai kaifi, ƙarfenta nagari, amma mariƙin ya tsage ko ya fice gaba ɗaya. An naɗe ta da zare, ba a yi wata biyu ba zaren ya saki, yana wari, yana juyawa a hannu. Me za a shafa masa ya zauna? Mahauta na tambaya, makiyaya na tambaya, haka ma magidantan da suka gaji wuƙar yanka daga iyaye ba sa son rabuwa da ita.

Ka riƙe abu guda tun yanzu. Zare yana jan ruwa kamar yadda lagwani ke jan kananzir. Jini, kitse, gumin hannu da ruwan wanki duk ta cikinsa suke bi su sauka kan ƙarfe, ga shi kuma yawancin wuƙaƙen maƙeranmu da sifirin mota ko tsohon magagari ake ƙera su, ƙarfe mai saurin kama tsatsa. Wanda ya shafe saman zare kawai don ya yi sheƙi bai yi komai ba. Sai an rufe ƙarfen da ke ƙasa, an cika cikin zaren, sannan a zo maganar sama.

1. Dubi aikin wuƙar kafin ka sayi komai

Abubuwa uku ne suke aiki, kowanne da inda ya dace.

Na farko gam mai haɗi biyu, wato efoksi, wanda yake zuwa a 'yan tub biyu, ɗaya gam ɗin, ɗaya mai sa shi ya daskare. Shi ne na wuƙar da kullum take cikin jini da ruwan zafi: ta fawa, ta fiɗa, ta masu gyaran kifi irin na Haɗeja. Idan ya kama, zare da ƙarfe sun zama abu ɗaya, ba kwancewa. Iri biyu ne a kasuwa. Akwai mai saurin kamawa, wanda masu gyaran babur ke kira fo-minit, akwai mai jinkiri irin Araldite, wanda yake ba ka sa'a guda ko fiye kafin ya fara tauri. Mai jinkirin kake nema, garau ɗin nan da ake hango abu ta cikinsa. Fo-minit mai launin toka yana da kauri, ba ya ratsa zare, kuma a zafin Afrilu ko minti huɗun ba ya kaiwa. Kafin ka kai rabin mariƙi ya zama dutse a kan murfin gwangwani.

Na biyu kakin zuma. Wannan na wuƙar gona ne, ko ta ɗamara, ko ta yankan kaba da ciyawa, wadda ba a wanke ta da ruwan zafi. Yana da araha, ana iya sabunta shi, in ka gaji da naɗin kuma ka kwance abinka. Sai dai yana narkewa a digiri 62 zuwa 64 na Salshiyos, don haka mahaucin da ke tsoma wuƙarsa a tafasasshen ruwa ya manta da shi.

Na uku banish ɗin da kafintoci ke shafa wa ƙofofi da kujeru. Tsaka-tsaki ne. Yana ratsa zaren auduga sosai saboda ruwa-ruwa ne, amma bayan an daɗe ana aiki yakan fara ɓarewa, sai an sake.

Gargaɗi: kada ka ɓata zarenka da ƙaro. Na san a Jigawa ba wuyar samu yake ba, kuma idan ya bushe yana sheƙi yana tauri, amma ruwa ne yake narkar da shi, wanki ɗaya ya tafi. Farin gam na kafintoci ma laushi yake yi idan ya jiƙu. Gam ɗin masu takalmi ma ba na wannan aikin ba ne. Man gyaɗa ba ya bushewa, tsami yake yi a cikin zare. Baƙin mai kuwa ba abin da zai kusanci nama ba ne.

Maganar kuɗi: zare, samfefa da kaki duk ƙananan kaya ne. Efoksi mai jinkiri shi ne mai cin kuɗi, sau da yawa ya fi wuƙar kasuwar ƙauye tsada, kuma ba kasafai ake samunsa a shagon ƙauye ba, sai an shiga Kano wajen masu kayan gini, Sabon Gari ko Ƙofar Ruwa. Ƙaramin saiti ɗaya yana isar mariƙi biyu ko uku idan zaren siriri ne. Saboda haka ba dabara ba ce ka biya kuɗin mota don wuƙa ɗaya. Ku haɗu da maƙwabta, a ba mai shiga birni sautu, a yi wuƙaƙen rana ɗaya. Wanda aka aika ya matsa tub ɗin da yatsa kafin ya biya. Idan ya ji ya yi tauri, ya daɗe a shago. Wuƙar da ƙarfenta gwangwani ne, mai lanƙwashewa, ba ta cancanci efoksi ba, kaki ya ishe ta.

2. Gwada zaren

A ganina babu kamar zaren koma na masunta, na nailan, mai kaurin milimita 1.5 zuwa 2. Yana da ƙarfi, ba ya ruɓewa, yana shan gam. Kirtanin auduga da igiyar rama sun fi shi shan gam, kuma sun fi daɗin riƙo, amma in aka bar ko ɗan gurbi ba a cika ba, nan za su fara ruɓewa. Akwai kuma igiyar lemar sojoji da ake kira farakod, mai kaurin kusan milimita 4, da ƙananan zaruruwa bakwai a cikinta. Idan da ita za ka yi, cire zaruruwan cikin ka bar rigar kawai, ta fi kwanciya a kan ƙarfe, kuma ba ta cinye gam da yawa.

Wadda za ka guje wa ita ce igiyar roba mai sheƙi, shuɗiya ko ruwan ɗorawa, wadda ake ɗaure kaya ko a yi shanya da ita. Gam ba ya kama ta. Zai zauna a kanta kamar ya kama, ranar da ta sha wuya sai ya ɓare. Wasu igiyoyin magina ma irinta ce, ido ba ya bambancewa. Ga gwajin: yanki ɗan guntu, jefa a kofin ruwa, danna shi da yatsa ya jiƙu. Nailan nutsewa yake yi, waccan kuwa tasowa take yi sama. Gwaji na biyu da ashana: auduga da rama ƙonewa suke su bar toka, nailan kuwa narkewa yake ya dunƙule.

Gargaɗi: zaren ɗinkin takalmi yawanci an riga an shafa masa kaki. Efoksi da banish ba sa kama inda kaki ya taɓa. Wannan zaren sai hanyar kaki.

Sabon zare yana zuwa da ɗan maiƙo ko sitaci daga masana'anta. Wanke shi da garin sabulu, ɗauraye, shanya wuni guda cur. Ko da ya bushe a hannu, cikinsa yakan riƙe danshi, musamman auduga da damina.

Tsawon da za ka yanka kuwa lissafi ne mai sauƙi. Zagaya mariƙin sau ɗaya ka auna. A ce zagaye ɗaya santimita 7 ne, mariƙin santimita 11, zaren milimita 2. Zagaye 55 ke nan, wato kusan mita 4, gaba biyu da ɗan ɗori. Ƙara mita guda a kai. Gara ya yi saura da ya yanke maka a tsakiya hannunka duk gam.

3. Tara kayan aiki a wuri ɗaya

Samfefa mai kaushi da mai laushi, magagari, filaya, kwali, salatef, sifirit na kemis, tsohon buroshin goge baki, tsinken tsintsiya mai kauri, murfin gwangwani, tsumma marar gashi, laita, safar hannu ta roba, da ɗan siririn zare mai ƙarfi kamar taƙi biyu wanda za ka ga amfaninsa a mataki na shida. In babu safar hannu, farar leda ta isa, efoksi ba ya manne wa leda. Ka zauna a inuwa inda iska ke wucewa, nesa da murhu, yara kuma a kore su.

Lokacin da ya fi shi ne sanyin safiya. Zafi yana gaggauta efoksi; ƙarin digiri 10 yakan rage lokacin aikinka da kusan rabi. Ranar da hazo ya sauko da ƙura, ko ranar da ake ruwa, a ɗaga aikin.

4. Rufe kaifi, share ƙarfe

Kafin komai, lulluɓe kaifin da kwali ninki biyu ka ɗaure da salatef, har tsinin. A lokacin naɗi ƙarfi za ka sa, hannu kuma zai yi santsi. Yawancin masu yankewa a wannan aikin nan suke yankewa.

Cire tsohon zare ko robar tub ɗin taya da ragowar itace. Ɓangaren ƙarfen da ake riƙewa, wanda zan riƙa kira wutsiyar wuƙa, ka goge shi da samfefa mai kaushi har sai farin ƙarfe ya fito ko'ina. Kada ka bar jan tsatsa ko ɗigo. Kuma kada ka bi shi da mai laushi don ya yi sumul. Karcen nan shi gam yake kamawa. Gefunan wutsiyar masu kaifi ka ɗan kashe su da magagari don kada su ci zare. Sannan ka yi 'yan gurabe marasa zurfi a gefe da gefe, huɗu ko biyar, su ne za su hana naɗin zamewa.

Gargaɗi: kada gurbi ya kusanci inda wutsiya ta haɗu da ruwan wuƙa. Nan ne duk nauyin aiki yake taruwa, in ka karce shi da zurfi nan za ta karye. Bar yatsa biyu.

Idan kana son huji a ƙarshen wutsiya don rataya, maƙeri za ka kai wa, kuma kafin ka fara goge. Na ga yadda wani dattijon maƙeri ya yi wa wani saurayi a kasuwar Wudil wata Juma'a. Saurayin ya ce, "Baba, a ɗan huda min nan." Dattijon ya juya wuƙar, ya ce, "Ɗana, miƙo min tsumman can ka jiƙa shi." Ya naɗe ruwan wuƙar da jiƙaƙƙen tsumma, bakin wutsiyar kawai ya cusa a wuta, yana zuga yana ƙara yayyafa wa tsumman ruwa, ya huda, ya ajiye ta ta huce da kanta. Dalilin tsumman shi ne kada zafi ya hau ya kashe taurin kaifin. In ka ga wanda zai jefa wuƙar duka a wuta, karɓi abarka.

Idan wutsiyar siririya ce, zare kaɗai ba zai cika hannu ba. Yanki fata mai kauri ko siririn busasshen itace, falle biyu, ka manna a gefe biyu, sannan ka naɗe a kai. Idan kuma tsohon mariƙin itace yana nan, tsagewa kawai ya yi, kankare dattin, bar shi a rana ya bushe sosai, cika tsagar da gam, ka naɗe a kansa.

Daga ƙarshe goge wutsiyar da sifirit har tsumma ya daina baƙi. Mutane sun saba da fetur, amma yana barin maiƙo, ga haɗarin wuta. Kananzir ya fi shi muni. Bayan wannan gogewar kada yatsanka ya sake taɓa wurin. Zagaya salatef a daidai inda kake son gam ya tsaya.

5. Haɗin farko: shafe ƙarfen

Kafin ka buɗe tub, yi naɗin gwaji a bushe sau ɗaya ka kwance. Hannu zai gane hanya, za ka kuma tabbatar zaren ya isa.

Matso layi biyu masu tsawo ɗaya a kan murfin gwangwani, kowanne kamar gaɓar yatsa. Yawancin na tub daidai wa daida ake haɗa su, amma duba jikin kwalin. Juya da tsinke minti biyu cikakku, kana kankaro gefe kana mayarwa tsakiya, har launi ya zama ɗaya.

Gargaɗi: ƙara mai daskararwa ba ya sa shi saurin kamawa, lalata shi yake, ya zauna yana danƙo har abada. Kuma kada ka haɗa a murfin kwalba mai zurfi. Efoksi idan ya taru wuri ɗaya zafi yake yi, zafin kuma ya ƙara masa sauri. A faffaɗan wuri ya fi daɗewa.

Shafa wa wutsiyar siriri, ko'ina, har cikin gurabe da huji. Wannan shafin ba wanda zai gan shi, kuma shi ne mutane suka fi tsallakewa, alhali shi ne yake raba ƙarfe da ruwa.

6. Naɗi

A kan jiƙaƙƙen gam za ka naɗa, don ya riƙa tasowa ta tsakanin zaren daga ƙasa.

Ɗaure ɗaya bakin zaren a turke ko jikin bishiya, ka ja baya har ya miƙe. Ɗaya bakin, kwantar da kamar santimita 3 a kan wutsiya, daga wajen kaifi yana kallon ƙasa, ka fara naɗewa a kansa. Ba zaren za ka riƙa zagayawa da shi ba, wuƙar za ka riƙa juyawa da hannu biyu, kana ɗan jingina baya, kana matsawa wajen turken a hankali. Ta haka ɗaurin yake zama ɗaya tun daga farko har ƙarshe, zaren kuma bai yanke maka yatsu ba. Duk bayan zagaye huɗu ko biyar, tura su da farce su matse juna. Idan kana hango ƙarfe ta tsakani, koma baya.

Wuƙar da aka naɗe da zare ba ta da abin da zai tare hannu kada ya zame kan kaifi. Don haka a farkon naɗin, wajen kaifi, yi zagaye shida, ka dawo a kansu, ka sake bi, ya yi ɗan tudu. Ga wuƙar yanka wannan ba ado ba ne.

Idan ya rage zagaye bakwai ko takwas ka gama, ɗauko siririn zaren nan, ninka shi biyu, kwantar da shi a kan wutsiya, lanƙwasar tana leƙowa ta ƙarshen mariƙi, bakunansa biyu suna kallon kaifi. Ci gaba da naɗi a kansa. Da ka kai ƙarshe, danne da babban yatsa, yanke zaren ka bar taƙi guda, zura bakin a cikin lanƙwasar, kama bakunan siririn zaren da filaya ka fizga. Zai jawo bakin ya shige ƙarƙashin naɗin ya fito a tsakiya. Ja shi da kyau, yanke daidai da saman naɗi. Babu ƙulli, babu abin da zai ci tafin hannu.

Gargaɗi: idan za ka ƙona bakin nailan da laita don kada ya warware, yi shi tun kafin ka fara, sifirit a rufe kuma a nesa. Kada ka danna narkakken nailan da yatsa, manne wa fata yake yana ci. Danna shi da gefen filaya.

Masu farakod suna da wata dabara: zuba wa naɗin ruwan zafi, nailan ya tsuke ya ƙara matsewa. Tana aiki, amma ba a kan jiƙaƙƙen gam ba. In ita kake so, bar shafin ƙarfen ya bushe tukuna, ka naɗa, ka zuba ruwan, sannan wuƙar ta yi kwana biyu a rana kafin mataki na gaba.

7. Shayar da zaren

Nan ne aikin yake. Yi sabon haɗi, kada ka yi amfani da ragowar na farko da ya fara kauri. Idan da sanyin hunturu ne gam ya yi nauyi, saka tub ɗin a kofin ruwan ɗumi na 'yan mintuna kafin ka matso, zai saki. Ruwan ɗumi, ba tafasasshe ba. Wasu na ɗiga sifirit don ya tsinke. In za ka yi, ɗigo biyu ko uku kawai, domin yana rage masa ƙarfi. Fetur ko tinar da ake tsinka fenti da ita kuwa kada su shiga.

Ɗebo kaɗan da buroshi, ka riƙa dannawa cikin zaren, ba shafawa a sama ba. Bi zagayen naɗin, gaɓa-gaɓa. Za ka ga launin zaren yana canzawa, fari ya koma ruwan ƙasa-ƙasa, mai launi ya ƙara duhu. Wannan canjin shi ne shaidar ya shiga. Duk inda ya rage da haske, bai sha ba, koma masa. Bayan ka zagaye, dakata minti biyar ka duba. Wuraren da suka shanye za su dusashe, ƙara musu. Auduga da rama sukan nemi ƙari sau biyu ko uku. Bakin naɗin na sama da na ƙasa ka fi ba su kulawa, ka cika su har gam ya haɗe zare da ƙarfe babu ƙofa, domin ta nan jini yake fara shiga.

Sai kuma abin da mutane ba sa son yi saboda ganin asarar gam: goge na saman. Sa leda a hannu ka matse mariƙin, ka murza, sannan ka bi da tsumma marar gashi kana dannawa kana ɗagawa, har zanen zaren ya fito fili. Mariƙin da aka bari gam ya kwanta a kansa sumul yana da kyan gani ranar farko, amma da kitse ya taɓa shi ba ya riƙuwa. Kaushin zaren shi ne dalilin naɗa zare tun asali.

Ga mahauta akwai ɗan bambanci. Ramukan da ke tsakanin zagaye suna riƙe jini, don haka washegari a ƙara siririn shafi na biyu ya cike gindin ramukan, a sake goge kan tudun. A samu abin riƙo, a kuma samu sauƙin wanki.

Gargaɗi: efoksin da bai bushe ba yana sa wasu ƙaiƙayi da ƙuraje, kuma yawan taɓa shi yana ƙara abin. Idan ya taɓa fata, goge da tsumma ka wanke da sabulu nan take. Wanda ya ɗiga a kan ruwan wuƙa, sifirit yana cire shi muddin bai kama ba.

Game da sufa-gulu, tunda ana yawan tambaya: ɗigo ɗaya a bakin zaren nailan ba laifi. Amma kada ka tsiyaya shi a kan auduga ko rama. Zafi yake yi nan take har da hayaƙi mai shiga ido, yana iya ƙona hannu, kuma abin da ya bari ƙarau ne, yana fashewa.

8. Bushewa

A sa'ar farko gam yana gangarawa, don haka riƙa juya wuƙar lokaci-lokaci. Bayan nan rataye ta, mariƙi a ƙasa, don in zai ɗiga kada ya bi kan kaifi, a inda yaro ba zai kai ba. Kifa mata kwali ko bokiti saboda ƙura da ƙwari. Kada ka kai ta rana tun gam yana ruwa, iskar da ke cikin zaren za ta taso ta bar ƙananan ƙofofi.

Kada ka jefar da murfin gwangwanin, shi ne mai ba ka labari. Maimakon ka riƙa taɓa mariƙin kana barin shaidar yatsa, taɓa ragowar da ke kan murfin. Idan ya zama kamar roba, ba ya bin yatsa amma farce na shiga, lokacin cire salatef ɗin iyaka ya yi. In ka bari ya daskare sai da wuƙa. Idan farce ya kasa shiga, ana iya riƙe ta, yawanci bayan kwana ɗaya. Amma kafin ta shiga ruwan zafi da nama, bari ta yi kwana uku zuwa mako. Mai son ta yi masa layya, ya yi aikin tun farkon watan, ba ranar Arfa ba.

Da damina wani lokaci saman yakan yi hazo-hazo da ɗan maiƙo. Ruwan ɗumi da sabulu suna cire shi, kuma dole a cire kafin shafi na biyu. Idan kuwa bayan kwana biyu har yanzu yana danƙo, shi da na kan murfin, haɗin ne bai daidaita ba. Ƙara wani a kai ba ya gyarawa. Yanke zaren, kankare, goge da sifirit, koma mataki na huɗu.

Inda gam ya yi tsini yana sukar hannu, bi shi da samfefa mai laushi da ɗan ruwa, don kada ka shaƙi garin. Tsinin kawai za ka taɓa. In ka ci zaren zai yi gashi.

9. Idan kaki ka zaɓa

Matakai na biyu, na huɗu da na shida duk suna nan, sai dai a bushe za ka naɗa, bayan ka murza wa wutsiyar kaki. Nemi kaki wajen masu zuma. In saƙar da aka matse ce ka samu, tafasa ta a ruwa, tace da tsumma, bar ta ta kwana. Kakin zai daskare a sama ka ɗauke. Dunƙule kamar ƙwan kaza yana yin wuƙaƙe da yawa. Kyandir ba ya maye gurbinsa, yana farfashewa ya zube. Wasu na haɗa man kaɗe don ya yi laushi, amma a zafin ƙasarmu laushi ba shi muke nema ba, bar shi zalla.

Saka kakin a dogon gwangwani, gwangwanin kuma a cikin tukunyar ruwa a kan wuta.

Gargaɗi: kada gwangwanin ya hau wuta kai tsaye. Kaki yana kamawa da wuta, in kuma ya kama, rufe shi da murfi ko ka zuba masa ƙasa, ruwa watsa shi yake yi. Haka nan kada ka ɗora wuƙar a kan garwashi don kaki ya narke a jikinta. Da ka ga ƙarfe ya fara ruwan ɗorawa ko shuɗi, taurinsa ya fara tafiya.

Ajiye wuƙar a rana ta ɗauki ɗumi kafin ka tsoma, domin a kan ƙarfe mai sanyi kaki daskarewa yake a sama bai shiga ba. Tsoma mariƙin duka. Za ka ga ƙananan kumfa suna tasowa, iskar cikin zaren ce take fita. Bar shi har su tsaya. Ciro, bari ya tsane, goge da tsumma tun da ɗuminsa, in ya huce ka murza da busasshen tsumma. Duk lokacin da ka ga ruwa ya daina gangarewa a kansa, sake tsomawa. Ka dai sani, mariƙin da ya sha kaki ba zai karɓi efoksi ko banish ba daga baya, sai an canza zare.

Banish kuwa da buroshi ake yi, siriri-siriri, shafi uku ko huɗu, kowanne ya bushe sosai kafin na gaba, ƙarfen ma a shafe shi tun kafin naɗi. Kada a yi aiki da wuƙar sai warin ya tafi gaba ɗaya.

10. Gwaji da kube

Bayan ta bushe, ɗiga ruwa a mariƙin. In ya dunƙule ya gangare, ya yi. In wani wuri ya yi duhu, ya sha, busar da shi ka ƙara masa. Sannan riƙe ruwan wuƙar ta cikin kwalinta, ka murɗa mariƙin da ƙarfi. Ko motsi bai kamata ya yi ba. Shafa ɗan kitse a tafin hannu ka sake riƙewa, ka ji ko tana zamewa, tun kafin ranar da rago ke ƙasa.

Wajen wanki, sabulu da buroshi sun isa, a goge ta ta bushe. Kada a bar ta kwana a bokitin ruwa, kuma ko mai efoksi ce kada a riƙa dafa mariƙin a tukunya, zafi mai yawa yana sa shi laushi. Idan za ka ɗinka mata kube, sai bayan an gama duk wannan za ka kai wa baduku, domin sabon mariƙin ya fi tsohon kauri, ga tudun da ka yi a wajen kaifi, tsohon kuben ba lallai ya karɓe ta ba.